Mutumin da Ke Bayan Tasalla a Hoto

Litinin, 6 ga Disamba, 1976, da hantsi

Na sayi littafin nan ne don in riƙa tsara jawabaina na neman kujerar kansila, sai ga abin da zan buɗe shi da shi. Jaridar mako ta iso daga Kano. Sau huɗu ina aika musu wasiƙa kan gadar hanyar Gwiwa da ruwa ya cinye, ni Malam Sama'ilu, hedimasta guda, da Hausata mai kyau, ko layi ɗaya ba su taɓa bugawa ba. Yau sun ware rabin shafi na uku sukutum sun ba ɗan daudu.

Kan labarin wai: 'Yan Daudun Tasha Sun Fi Matan Gida Iya Miya? A ƙasa ga hoton Halliru mai abinci, wanda 'yan tasharmu ke kira Tasalla. Ya ɗaura zani, ya kafa ɗankwali, ya ɗaga ludayi sama, yana dariya har wushiryarsa ta fito.

Wannan duk ba ruwana. Abin da ya dame ni wani mutum ne da ya fito a bayansa, zaune kan benci, hannu tsundum cikin kwano, baki a buɗe. Hularsa irin tawa ce, tabaraunsa ma haka. Amma ai irin waɗannan huluna sun yi yawa a Kazaure.

Saura mako uku wakilan unguwanni su zaɓa tsakanina da Haladu mai shagon kayan keke, mutumin da ko takardar ɗaurin aure aka ba shi sai ya riƙe ta a juye.

Ni ban san Hallirun nan sosai ba. Uwarmu ɗaya dai, ubanmu ɗaya.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Allah ya taimake ni, kwafi goma sha biyar kacal ake kawowa garin nan. Na tari Abu mai jarida tun bai gama kwance ɗaurin ba, na ce ya ba ni.

Ya ce, "Duka, Malam? Jarrabawa za a yi a kanta ne?"

Na ce don amfanin ɗalibai. Ya dube ni, ya dubi jaridun, ya ce Allah ya ƙaro ilmi. Yanzu suna can ƙasan adakar matata Saude, ƙarƙashin tsofaffin zannuwanta. Magana ta ƙare.

Talata, da safe

Babu wanda ya ce min komai. Shirun ma bai kwanta min ba.

Alhamis, 9 ga wata, bayan azahar

Bari in rubuta ra'ayina, tunda jarida ba za ta buga ba. Ƙasar nan ta samu kuɗin mai ta rasa hankali. Sojoji sun ce a kafa ƙananan hukumomi don talaka ya samu mai jin kukansa, su kuma masu alƙalami a Kano sun ga babu abin da ya fi muhimmanci sai yadda wani ke soya kaza. Ɗan jarida ya hau mota tun daga birni, ya wuce rijiyoyin da suka ƙafe, ya wuce makarantata da rufinta ke yoyo, ya zarce inda yake jin ƙamshi. Na tabbata sai da ya ƙoshi sannan ya tuna da kyamara.

Kuma ni ba cin abinci ke kai ni wurin ba. Zumunci ne, ranar Juma'a kawai, kuma kullum a bayan zana nake zama. An yi rashin sa'a a makon nan akuya ta cinye rabin zanar.

Ba na son tuna baya. Amma da Baba ya rasu a Roni, Inna ta bi shi kafin shekara, Halliru ne ya goyo ni muka shigo garin nan a ƙafa, yana da shekara goma sha huɗu. Shi ya zauna gaban tanda yana suyar waina, ni na zauna gaban allo. Shi ke nan abin da ke tsakaninmu, babu wani abu.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

A gida na ci. Saude ta ajiye min tuwo da miyar kuka, ta tsaya tana kallona.

Ta ce, "Malam, yau ba a je wajen Yaya ba?"

Na ce, "Wane Yaya?"

Ta ce, "Au, to." Ta fita tana dariya ƙasa-ƙasa. Miyar ba ta da laifi. Ba ta da komai ma.

Litinin, 13 ga wata, ƙarfe goma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ashe Abu, da ya ga jarida ta ƙare cikin minti biyar, abin da bai taɓa gani ba tunda ya fara sana'a, sai ya aika Kano ya yi musu albishir. Su kuma suka ce lallai mutanen Kazaure sun ji daɗin labarin. Yau kwafi arba'in suka aiko, da kashi na biyu, shafi guda cur. Edita har da godiya ga masu karatu na Kazaure da suka nuna ƙishirwar ilmi. Ni ne fa masu karatun.

Sun sake sa hoton. Sun kuma yi hira da Halliru, wai an tambaye shi sirrin farfesunsa ya ce, "Ahayye, in na faɗa muku me zan ci?" Wannan ce hikimar da aka kashe tawadar ƙasa a kai.

Na kwashe arba'in ɗin. Na ɗaure su bayan keke, taya ta yi faci a gaban shagon Haladu, dole na tura har gida. Yana zaune a ƙofa ya ce, "Hedimasta, kawo a liƙe maka mana, kyauta." Na ce na gode, motsa jiki nake yi.

Laraba, 15 ga wata, bayan magariba

Saude ta dawo daga biki a Babura da wani irin ɗaurin ɗankwali, ya karkace gefe guda, bakinsa ya tashi sama kamar kunnen zomo. Na san ɗaurin. Kwana tara ina kallonsa a shafi na uku.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Ɗaurin Tasalla ke nan, shi ake yayi. Ai a bikin nan duk wadda ba ta yi shi ba 'yar ƙauye ce. Har uwar amarya."

Na tambaye ta a ina matan Babura suka ga ɗaurin, tunda jaridar ba ta zuwa can. Ta ce a jarida mana. Ta buɗe adaka neman zanin biki ta tarar da takardu jibge ba su da aikin yi, sai ta ga bai kamata a yi asara ba. Ta ba mai ƙosan bakin layi goma. Ta shimfiɗa wasu a kantar ɗakinta, ƙarƙashin kwanukanta. Ta kai wa ƙanwarta Shatu ashirin a Kanya Babba, don ita ma tana ƙulla gyaɗa. Ragowar mai tsire ya aiko an ba shi.

Na zauna a kan turmi. Ban san lokacin da na zauna ba.

Ta ce, "Malam, ai ka yi kyau a hoton. Sai dai da ka rufe baki."

Alhamis, lokacin tara

Na shiga ofishin malamai na tarar da malamin lissafi yana cin ƙosai a kan fuskata. Mai ya jiƙa takardar, tabarauna ya fito raɗau fiye da yadda mai hoto ya ɗauka. Ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, ya ninke takardar a hankali ya sa a aljihu. Bai jefar ba, aljihu ya sa.

Alhamis, bayan la'asar

Na rubuta wa edita wasiƙa mai zafi, ban sa sunana ba, na sa Mai Kishin Jama'a. Na ce jarida madubin al'umma ce, ba talla ba. Na ce yanzu mata sun bar koyi da iyayensu sun koma koyi da 'yan tasha, kuma laifin masu bugawa ne. Na yi amfani da kalmar taɓarɓarewa sau uku. Wasiƙar ta yi kyau ƙwarai, har na karanta wa kaina da ƙarfi.

Asabar, 18 ga wata, da yamma

Abin ya kai rediyo. A wasan kwaikwayon yau sun sa wani ƙato yana maƙale murya, yana tafa hannu, yana "wayyo ni Tasalla". Majalisar ƙofar gidan mai unguwa kowa ya riƙe ciki. Ni ma na yi dariya, don an juyo ana kallona.

Amma raina ya ɓaci, kuma a nan zan iya faɗa. Mutanen nan duk na san su. Babu wanda aka yi suna ko biki a gidansa ba a kira Halliru ya riƙe tukunya ba. Matansu wajensa suka koyi alkaki da dubulan. Habaicin da suke yi wa juna a bakin rijiya nasa ne, sun ɗauka ba su ce an gode ba. Su ci girkinsa da rana, su yi masa dariya da yamma.

Kuma ɗan wasan bai ma iya ba. Yaya ba haka yake tafa hannu ba.

Litinin, 20 ga wata, da hantsi

Kwafi ɗari.

Sun buga wasiƙata, karo na farko a rayuwata. Sai dai a gefenta sun sake sa hoton, sun ƙara masa girma, sun zana kibiya ta nuna mutumin da ke kan benci, suka rubuta: Ko Mai Kishin Jama'a ya san wannan bawan Allah?

Na yi mamakin yadda suka yi zargi, sai da na sake karanta wasiƙar. Ashe a sakin layi na ƙarshe ban iya daurewa ba, na ɗan taɓo gadar hanyar Gwiwa. Layi shida ne kawai. Duk faɗin ƙasar Kazaure an san mutum ɗaya ne ke tashi da gadar nan ya kwanta da ita.

Ban sayi ko ɗaya ba. Abu ya ce ko na so ma ba zai yiwu ba, Haladu ya riga ya ɗauki talatin yana rabawa sadaka, yana sa yara su karanta masa. Abu ya riƙe hannuna biyu ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri, kai ka buɗe min kasuwa."

Talata

Ciwon kai. Ban je makaranta ba.

Laraba, 22 ga wata, bayan azahar

Baba Kura ya aiko kirana. Shi ne babban dillalin hatsin garin nan, kuma rabin wakilan da za su yi zaɓe ba sa tari sai sun dubi fuskarsa. Na same shi a zaure yana cin soyayyiyar kaza. Tun daga ƙofa hancina ya gaya min daga inda aka sayo ta.

Na durƙusa na gaishe shi. Na fara bayani cewa hoto abu ne mai ruɗi, mutum kan yi kama da mutum.

Ya ce, "Sama'ilu, bar wahalar da kanka. Kai ne, kuma yayanka ne."

Na ce, "Baba, wa ya gaya muku?"

Ya ce, "Ni na yi wa ubanku salla a Roni. Duk garin nan wa bai sani ba? Kai kaɗai ke ɓoyewa, mu kuma muna taya ka don kada ka ji kunya."

Shekara ashirin ina zagayawa ta bayan garejin tasha, ina tsallake kwata, ashe kallona kawai ake yi.

Ya suɗe yatsa ya ci gaba. Ya ce da can babu wanda ya damu, Halliru na tasharsa, kowa na harkarsa. Amma yanzu an buga. Ya je Kano awon gero, abokan cinikinsa suna tambayarsa wai ya garin su Tasalla. Gari mai sarauta da malamai, a ce da ɗan daudu aka san shi! Don haka dattawa sun rubuta takarda zuwa ga hukuma a tashi rumfunan 'yan daudu daga tasha, su bar garin kafin sabuwar shekara. Ya jawo ta daga ƙarƙashin buzu. An bar layin farko babu kowa.

Ya ce, "Haladu ya roƙa a ba shi layin nan ya dangwala yatsa, na hana. Naka ne. In ka sa hannu, bakin kowa ya mutu, ranar Talata kujera taka ce. In ba ka sa ba, ni ba zan iya tsayawa gaban mutane in ce su zaɓi mutumin da ke cikin hoto ba."

Na ce, "Baba, amma kazar nan fa?"

Ya ce, "Kaza daban, takarda daban." Ya ba ni zuwa Lahadi.

Alhamis, 23 ga wata, da sassafe

Na je tasha, ta ƙofar gaba, tunda zagayen ba shi da amfani. Niyyata in gaya wa Yaya komai.

Na tarar da layi har bakin titi. Direbobin Daura da ba sa tsayawa da, yanzu sai sun tsaya. Wasu 'yan Nijar biyu suna miƙa sefa suna cewa a ba su irin wanda aka buga a takarda. Ya liƙa shafin a jikin rumfa, ya yi masa ado da jan zare.

Yana hango ni ya saki ludayi. "Auta! Ina ka shiga Juma'a har biyu? Ji yadda ka zube, wuya kamar na zalɓe. Ita dai Saude, Allah ya isa tsakanina da ita! Zauna nan."

Na ce, "Yaya, magana na zo mu yi."

Ya ce, "Sai ka ci." Ya zubo farfesun kayan ciki, ya tsamo min tumbi, don ya san shi nake so. Yana juya tukunya yana ba ni labari. Wai wani mai otal a Kano ya aiko har sau biyu, ya zo ya riƙe masa kicin, da ɗaki da fanka. Na ce a raina ga mafita Allah ya kawo. Na ce ai dama ce, ya kamata ya duba.

Ya juyo ya riƙe ƙugu. "In je ina? In bar ka wa ya ba ka abinci? Kuma ga shi za ka zama kansila, in ba na nan wa zai yi guɗa?"

Na cinye farfesun. Ban faɗa ba.

Juma'a

Gadar nan mutum dubu nawa za ta amfana? Mata masu naƙuda a kan jaki ake zagayawa da su.

Asabar, 25 ga wata, da rana

In Haladu ya hau, takardar dai za ta wuce, gada kuma ba za a yi ba. In ni na hau, zan iya gyara abin daga ciki, a hankali, bayan ƙura ta lafa. Kuma Kano ba nisa. Kuma akwai fanka.

Na karanta wa Saude wannan lissafin. Ta ce, "Malam, ni ban yi boko ba, amma in magana gaskiya ce ba ta bukatar a ce 'kuma' har sau uku." Ta ɗauki tsintsiya ta shiga sharar inda ta riga ta share.

Lahadi, 26 ga wata, bayan la'asar

Alƙalamin Baba Kura ya ƙi kawo tawada. Sai da na ciro nawa.

Sunana ne a layin farko.

Litinin, 27 ga wata, ƙarfe goma

Jarida ta zo. Na duba daga farko har ƙarshe, sau biyu. Babu Tasalla, babu 'yan daudu, babu Kazaure. Shafi na uku an ba wani ɗan maraƙi da aka haifa da ƙafa biyar a can gabas. A majalisa ba a maganar komai sai maraƙi. Malamin lissafi ya ce shi sai ya je ya gani da idonsa.

Na ruga gidan Baba Kura ko takardar na nan. Ya ce tun da safe aka kai ofis, har an buga mata hatimi. Sannan ya tambaye ni ko na ga labarin maraƙin.

Talata, 28 ga wata, da yamma

Na ci. Goma sha tara da goma sha ɗaya. An ɗaga ni sama, hulata ta faɗi, wani ya taka.

Alhamis, 30 ga wata, bayan la'asar

Yau aka yi walima a ƙofar gidana. Na ce wa Saude ta nemi masu girki, ban tambaye ta wa za ta nema ba, don mutum ɗari biyu ba wasa ba ne, kuma duk garin mutum ɗaya ne zai iya.

Tun asuba yana bayan gida da tukwane shida. Dattawan da suka sa hannu duk sun zo, sun ci, sun nemi ƙari. Baba Kura ya sa an ƙulle masa cinya biyu ya tafi da su. Haladu ma ya zo, ya ci kwano biyu, ya ce siyasa ba gaba ba ce. Da aka kira sunana, daga bayan katanga na ji guɗa ɗaya doguwa, ta fi ta kowa tsawo.

Da mutane suka ragu ya fito da kansa ɗauke da kwanona. Ya sa doguwar riga da hula, rabon da in gan shi haka tun jana'izar Inna. Ya durƙusa a gaban jama'a ya ajiye ya ce, "Ranka ya daɗe, kansila." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. Ya ce jiya ɗan doka ya kawo musu takarda, ya ba su zuwa gobe. Ya roƙa a nuna masa ta biyun, mai sunaye.

Ya ce, "Ka san ban iya karatu ba. Amma ina gani na gane hannunka, a can sama, ya fi na kowa tsari. Sauran duk kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Na ce wa ɗan dokan, ka ga wannan? Ni na kai shi makaranta."

Na buɗe baki. Ya ce, "Ci, zai huce."

Na ci. Na cinye tas, don ban san inda zan sa idona ba in ba cikin kwanon ba.

Juma'a, 31 ga wata, da hantsi

Motar Kano ta tashi ƙarfe takwas. Ina da taron farko da sakatare, ban samu zuwa tasha ba. Taron ƙarfe goma sha ɗaya ne.

Saude ta je. Ta ce mata sun cika tashar, kowacce da ɗaurinta a karkace, ana ta kuka. Ban tambaye ta komai ba, ita ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi tafiya.

Ta ce har mota ta fara motsi Yaya ya leƙo ta taga ya kira ta. Ta matsa, a zatonta saƙo zai bayar a gaya min. Sai ya ce ta riƙa sa min daddawa kaɗan a miya, wai tun ina yaro in ta yi yawa ba na ci.